Jirgin da Na Yi wa Gata

Ni mutum ne da ba ya son ƙaramin abu. Ko takalmi zan saya, sai na bar wa ƙafa wurin sakewa. Saboda haka da ɗan yayata, mai karatun lantarki, ya gama haɗa mana gangar jirgin wasa da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji, saura inji da batir, sai na ce ya bar min wannan ɓangaren. Kuɗina ne. Kuma tun 2007 da na ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic, nake jin akwai injiniya kwance a jikina.

Yaron ya rubuto min a takarda: inji mai lamba 2212, 1000KV, farfela inci 10, na'urar daidaita gudu, wato ESC, mai amfiya 30, batir LiPo 3S, 2200mAh. Na sa takardar a aljihu don kada ransa ya ɓaci.

A shago na tarar da inji biyu, girmansu ɗaya, kuɗinsu ɗaya, ɗaya 1000KV, ɗaya 2200KV. To, duk wanda ya taɓa sayen janareto ya san mai KVA biyar ya fi mai biyu. Na ɗauki babban. Wajen batir ma haka, na tsallake 2200 na rungumi 5000mAh, jibgege, mai cika hannu. Mai shago ya ce, "Alhaji, ai kai ka san kaya." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na karɓa.

Da yaron ya buɗe leda, sai ya yi shiru irin na masu ta'aziyya.

"Kawu, KV ba ƙarfi ba ne. Yawan juyi ne a minti ɗaya kan kowane bolt, idan babu kaya a kan injin. Batirin nan bolt 11.1 ne, ka ga wannan zai nemi juyi sama da 24,000. Irinsa ƙaramar farfela yake so, inci 5 ko 6. Idan ka ɗaura masa inci 10, zai yi ta zuƙar wuta har sai wani abu ya ƙone."

Na ce masa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ya ce, "To, Kawu."

A tsakar gida muka yi gwajin farko. Wayoyi uku ne daga ESC zuwa inji, kuma babu wanda ya gaya min cewa idan aka musanya biyu daga ciki, juyin baya yake yi. Uwargida ta shanya dakakken barkono a faranti, daidai gaban hancin jirgin. Na ɗan taɓa rimot. Jirgi ya ja da baya kamar ya ga surukinsa, iska kuma ta yi gaba da barkono. Gidan duka ya ɗauki atishawa, har kaji. Ta fito tana hawaye ta ce, "Malam, wannan jirgin yaƙi ne?"

Muka gyara waya, muka ɗaure wutsiyar a jikin turmi, na tura sandar rimot har ƙarshe. Kai, ƙarar ta yi daɗi! Yaran makwabta suka hau katanga. Ban gama juyowa in ga fuskar yaron ba sai wani siririn farin hayaƙi ya fito daga cikin gangar, da warin ƙonanniyar roba. ESC ta riga mu gidan gaskiya. Har yau ina ganin laifin masu ƙera ta ne: in ka rubuta 30, ai ya kamata ka ɗan yi gyara, ko mai awon gero yana ƙara hannu.

Na koma na sayo wata, da injin 1000KV, ba don na sallama ba, sai don a zauna lafiya. Amma batun batir na kafe. Yaron ya aro sikelin mai sayar da nama. Nawa ya kai wajen giram 400, wanda ya rubuta min kuwa bai cika 200 ba. Ya ce jirgi irin wannan yana son kamar wat 200 kan kowane kilo, duk giram ɗin da na ƙara injin ne zai biya. Na ce babban batir, dogon tashi. Abin da ya rage shi ne batirin ya ƙi shiga hancin jirgin, sai na yanka soso a bayan fiffike na cusa shi, na naɗe da salatif.

"Kawu, ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, kamar kashi ɗaya cikin uku daga gaba. In bai tsaya daidai ba, kada mu jefa."

Na ɗora. Wutsiya ta faɗi ƙasa, hanci ya dubi sama. Na ce alama ce mai kyau, tun yanzu ya san inda za shi.

Filin ƙwallon unguwa ya cika da yamma, har mai rake ya matso da baronsa. Yaron ya jefa, na ba da wuta. Jirgi ya miƙe tsaye cak, ya tsaya a iska kamar mai tunanin wani abu, ya kifa ta baya, ya nufi garken awakin makwabcina. Awaki suka tsinke igiya suka bazu cikin layi. Mai tsaron raga ne ya kamo bunsurun.

Batirin ya lotse a gefe, kafin magariba ya kumbura. Yaron ya hana kowa taɓawa, ya ce kumburarren LiPo wuta yake kamawa, ya binne shi a bokitin yashi can bayan gida. Bokitin wankin uwargida ne.

Ranar Asabar yaron ya liƙe gangar da gam, ya aro ƙaramin batir wurin abokinsa, jirgi ya tashi lafiya lau yana zagaya filin. Na miƙa hannu a ba ni rimot. Ya ce, "Kawu, kai ne babba, kai yara za su ji wa magana. Taimaka ka kore su daga wurin sauka." Ina cikin korar yaran, sai makwabcina ya iso da lissafinsa a rubuce: igiya uku, kwanon dusa, da wata akuya da ya rantse tun ranar ba ta ƙara ba da nono ba.