Ƙahoni Takwas, Sabis Ɗaya

Idan mutuminmu ya tashi sayen rauta, wato na'urar raba wayfai a gida, ba ruwansa da faɗin gidansa, ba ruwansa da kaurin bangonsa. Ƙahoni yake ƙirgawa. Zai shiga titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a Kano, ya gyara zaman hula, ya ce, "Yaro, ɗauko mini wadda ta fi kowacce ƙarfi." A jera masa mai eriya biyu, da mai huɗu, da mai takwas, ya yi ta jujjuya su yana ɗaga su sama yana jin nauyi kamar mai cinikin ragon layya. Kuma dalilin ɗaya ne: abin da maƙwabta za su gani shi ake saya. Mai shago kuwa ya san ciwon, sai ya danna masa magani: "Alhaji, wannan ko daga Zariya ka kunna waya za ta kama ka."

Abin da ba a faɗa wa Alhaji ba shi ne, yawan eriya ba ya ƙara nisan zango yadda yake zato. Amfaninsu shi ne na'urar ta iya hira da wayoyi da yawa a lokaci guda, kuma ta aika saƙo ta hanyoyi fiye da ɗaya. Ƙarfin da rauta ke watsawa yana da iyaka da doka ta gindaya, mai tsada da mai araha duk a ƙarƙashinta suke. Sannan magana ce ta mutum biyu. Ko da rautar ta yi ihu har ƙarshen unguwa, dole wayarka ta mayar da amsa, ita kuwa 'yar muryarta ba ta wuce yadda aka ƙera ta ba.

To an kawo ta gida. Yanzu sai tambayar inda za a ajiye ta, kuma a nan ne halinmu ke fitowa fili. Abu mai tsada ba a barin sa inda yara za su taɓa, saboda haka sai turakar maigida, can gefe guda na gida, cikin kabad, a kulle, makulli a aljihu. In kuwa Hajiya ce ta yi nasara, sai a jera ta cikin kabad mai madubi tsakanin kwanukan silba da kulolin da ba a taɓa zuba musu abinci ba, a lulluɓe ta da ƙyalle mai ado don kada ƙura ta hau. Ledar kamfani ma ba a cirewa, don duk wanda ya shigo ya san sabuwa ce. A taƙaice, an tattaro duk abin da wayfai ya tsana an kewaye shi da su: ƙarfe, da madubi mai azurfa a bayansa, da bulo mai inci 9 da aka cika da kankare, da dekin ɗin da aka shimfiɗa masa rodi. Ruwa ma yana shanye shi, don haka tankin da ke tsakanin sashe da sashe shi ma yana karɓar nasa kason. Bayan duk wannan sai maigida ya tsaya a tsakar gida yana ɗaga waya sama, yana cewa an cuce shi, jabu aka ba shi.

Na'urar ba ta neman komai illa a sa ta a tsakiyar gida, a sama, a sarari, eriyoyinta a tsaye. Kyauta ne wannan maganin, shi ya sa ba wanda ya yarda da shi.

Akwai kuma batun zango biyu da yawancin rautoci ke bayarwa, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na farkon yana da haƙuri, yana ratsa bango, yana tafiya nesa, amma a hankali yake, kuma cunkoso ya yi masa yawa, don rautocin maƙwabta da na'urar ɗumama abinci duk a nan suke kokawa. Na biyun yana da gudu amma bango biyu sun ishe shi ya sare. Maigida ya ga lamba 5 ta fi 2.4 girma, sai ya ba da umarni kowa a gidan ya koma can, har mai ɗakin da ke bayan kicin. Wasu ma sun ɗauka 5G ɗin da MTN ya ƙaddamar a 2022 ne ya shigo musu falo, alhali ba dangin iya ba na baba.

A gidan mai mata biyu kuwa, lamarin ya wuce fasaha, ya zama shari'a. Da rabon kwana da rabon cefane kawai aka sani, yanzu an samu rabon sabis. Ɗakin amarya yana jikin turaka, sabis cike fal. Ɗakin uwargida yana bayan bango uku, sanda ɗaya tana zuwa tana ɓacewa. Wa zai iya shawo kan baiwar Allahn nan cewa laifin magini ne? "Alhaji, ba komai. Ai na ga inda aka karkatar da ƙahonin." Maigida ya juya eriya ɗaya ta kalli gabas, ɗaya ta kalli yamma, don a yi adalci, bai san eriya ba ta harbi ta tsininta ba, ta gefenta take watsawa. Sai a wayi gari an yi adalcin gaske, kowa ba sabis.

Daga nan sai a kira injiniyan dangi. Kowane gida yana da nasa, ɗan ƙanin maigida ne da ya taɓa gyara rimot. Zai zo ya kashe, ya kunna, ya hura mata iska, ya ce, "Kawu, sai an sayo ekstenda." Shawarar ba laifi, inda ake kafa ta ne abin dariya. Kai tsaye ake kai ta ɗakin da babu sabis a jona, ana jiran ta ƙirƙiro shi daga iska. Ita kuwa aikinta ta ji abin da rauta ta faɗa ta maimaita. In ba ta ji da kyau ba, raunin da ta samu shi za ta raba wa jama'a, sai dai waya ta nuna sanduna cike, bidiyo kuma ya yi ta juyi. Wurinta tsakiyar hanya ne, inda sabis bai mutu ba tukuna. Ko a can ɗin ma, irin masu arahar nan da ke saurare da magana a kan zango ɗaya suna cinye kusan rabin gudun. Araha dai ba ta ado.

Gida mai sassa da yawa, ko mai bene, abin da ya dace da shi shi ne tsarin da ake kira mesh, na'urori biyu ko uku masu suna ɗaya da ke miƙa wa juna wayarka yayin da kake yawo. Wanda ya fi wannan ma shi ne a ja kebul daga rauta zuwa wata na'ura a ɗaya sashen. Kebul ɗin yana kai mita 100 ba tare da ya gaji ba, bai san bulo ba, bai san kishi ba, kuma kuɗinsa bai kai na ƙaho ɗaya ba. Amma ka ambaci huda bango ka ga yadda fuskar maigida za ta canza. "A ɓata mini fenti?" Wannan fa mutumin da wayar janareto ta shigo masa ta taga, ta dish ta ratsa ta ƙofa, ta sola tana lilo a saman igiyar shanya.

Wani lokacin ma ciwon ba a cikin gida yake ba. In rautar mai cin sim ce, abin da ta samu daga turken kamfani shi za ta raba, kuma ita taga take so, wajen da turken yake. Ko ka sayi Wi-Fi 6 da ya fito a 2019, ko Wi-Fi 7 na 2024, in abin da ke shigowa kaɗan ne, kaɗan za a raba, balle wayoyin gidan duk tsofaffi ne da ba su san ana yi ba. Tun da Starlink ya iso Najeriya a farkon 2023 aka samu sabuwar gasa. Faifansa yana son sararin samaniya buɗe, amma na ga inda aka kafa shi ƙarƙashin bishiyar darbejiya, saboda nan ne kawai ake hango shi daga titi.

Abin mamaki, sabis ɗin da ya kasa isa kicin yana isa dakalin ƙofar gida garau, domin tagar turaka titi take kallo. Kafin mako ya zagayo majalisar matasan layi ta taso daga wajen mai shayi ta dawo jikin katangar Alhaji. Yara da ba su taɓa gaishe shi ba yanzu har ƙasa suke durƙusawa, shi kuma yana ta murna tarbiyya ta dawo. Kalmar sirrin ba wuya: sunan autar gida da shekarar haihuwarta, in ba ta yi ba a gwada lambar mota. In ma ta yi tsauri, wayar yaron gida tana nuna ta cikin ɗan hoton nan mai murabba'i, aboki ya haska ya shige. Rautar tana da sashen baƙi da za a iya buɗewa daban a taƙaita masa gudu, amma ba wanda ya taɓa leƙawa, kuma kalmar shiga saitin tana nan yadda kamfani ya rubuta a takardar da ke manne a gindinta.

Ranar da data ta ƙare a kwana goma maimakon wata, sai a kafa kwamitin bincike. A tuhumi amarya da finafinan Indiya, a tuhumi uwargida da kiran bidiyo zuwa Jidda, a tuhumi kamfani da sata. Maigida ya fusata ya canza kalmar sirri, washegari ya manta ta, ya kira yaron da ya raba ta farkon ya gyara masa. Da la'asar sai ga wakilan majalisa sun yi sallama a zaure, babbansu ya russuna.

"Baba, barka da yamma. Mun ga kwana biyu abin namu yana ja da baya, muka ce bari mu zo mu ji ko lafiya."

Alhaji ya yi shiru, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, duk 'ya'yan maƙwabta ne da ya halarci sunansu. Sai ya ce, "Ku yi haƙuri, samari. Gobe in sha Allahu zan sa a duba."