Kirarin Mayaƙan Benci

Ranku ya daɗe, mayaƙan benci, barade masu sirdin katako, dakarun da ba su taɓa ja da baya a fagen fama ba sai ran da aka ɗauke wuta. Gaishe ku, zakokin rumfar mai shayi, ku da kuke raba dare kuna tsaron iyakar daular Saljuk daga nan New Bell, kuna hana Mangol barci daga gefen kasuwar Kongo, kuna fatattakar rundunar Rumawa daga Bonaberi ba tare da kofin shayinku ya tuntsure ba. Duk wanda ya ce zamanin mazaje ya wuce, bai ratsa unguwannin Hausawan Duwala bayan sallar isha'i ba, lokacin da ake kunna Ertugrul, wuri ya yi tsit, mai tsire ya manta da wutarsa, ɗan bensikin ya kashe babur ya bar fasinja tsaye a bakin kwalta.

Shirin ya dace da masoya. Gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya, TRT, ya fara nuna shi a Disambar 2014, ya kammala a Mayun 2019, kashi 150, kowane kashi wajen awa biyu. Awa 300 ke nan, ko ma fiye. Almajirin da ya ba karatu irin wannan lokaci sai ya sauke Ahalari da Ishmawi, ya ci rabin Iziyya. To amma ina Iziyya ina takobi? Mazajenmu sun sauke uban gaba ɗaya, kuma ba su tsaya walima ba, nan take suka ɗora da na ɗansa Usman, wanda aka fara a ƙarshen 2019.

Ilmin da aka kwaso kuwa sai dai a ce ma sha Allah. Ka tsayar da kowane saurayi a ƙofar masallaci, zai jero maka zuriyar Kayi ba gargada: Sulaiman Shah da uwargida Haima, da Gundogdu, da Sungurtekin, da auta Dundar. Ya san gatarin Turgut, ya san takubba biyun Bamsi, ya san sunan dokin Ertugrul. Akwai dattijon da sai an tuna masa sunayen jikokinsa ranar sallah, amma ka ambaci Kurdoglu ko Sa'aduddin Kopek a gabansa ka ga jijiyar wuya ta tashi, ya tsine wa maci amana har kakansa na bakwai. Gaisuwa ma ta samu ɗaukaka. Matasa sun daina wahalar durƙusa wa manya, yanzu sai a bugi ƙirji da hannun dama, a sunkuyar da kai kaɗan, a ce «Eyvallah», wanda ya fi «ina kwana, Baba» kwarjini nesa ba kusa ba.

Sai kuma yaƙini, kambin dukkan ɗabi'u. Malaman tarihi, bayin Allah masu ƙwaƙƙwafi, sun ce abin da aka tabbatar game da Ertugrul bai taka kara ya karya ba. Akwai kuɗin ƙarfe da aka buga da sunan Usman ɗan Ertugrul, akwai kabari a garin Sogut, akwai rasuwa wajen 1280. Littattafan da suka fara ba da labarinsa sai da ya yi sama da shekara 100 a ƙasa aka rubuta su, har sunan mahaifinsa ana jayayya a kai, wasu su ce Sulaiman Shah, wasu su ce Gunduz Alp. Shehu Ibn Arabi, wanda ke ɓullowa a shirin duk lokacin da jarumi ya shiga uku, ya rasu a Dimashƙa a 1240, kuma babu hujjar cewa sun taɓa haɗuwa. Madalla da jama'ar da ta fi ƙarfin irin wannan waswasi. Su sun gani da idonsu, gani kuwa ya kori ji. Ga isnadi kuma mai ƙarfi, ba shi da rauni ko ɗaya: daga yaron da ke tura fim a waya, daga mai fassara a Kano, daga Mehmet Bozdag da ya zauna a Istanbul ya tsara labarin. Wanda ya yi musu da wannan sarƙa, a binciki imaninsa.

'Yan'uwanmu na Pakistan sun so su sha gabanmu. A azumin 2020 firaministansu na lokacin, Imran Khan, ya sa aka nuna shirin da Urdu a gidan talabijin na ƙasa, aka kafa mutum-mutumin Ertugrul a Lahor, masu kishi suka bi 'yar wasan da ta fito a Halima har Instagram suna yi mata faɗa don sun gan ta ba lulluɓi, matar shugaba guda. Sun yi ƙoƙari. Amma akwai wata baiwa da Allah ya keɓe mu da ita, wadda ba kowane mai kallo ke kaiwa gare ta ba, ita ce kame ido daga abin da ke ƙarƙashin ƙafa.

A duba girman wannan kamun kai. Mutum yana zaune a Bonaberi, garin da Turawa ke kira Hickory Town a da, yana zubar da hawaye don an ƙone tantin Kayi. Ƙasar da bencinsa ke kai, an taɓa yi mata ruwan wuta na gaske. Ranar 12 ga Yuli 1884 sarakunan Bell da Akwa suka sa hannu a yarjejeniya da kamfanonin Jamus. Sarkin wannan gefe na kogin Wuri, Kum'a Mbape, wanda ake kira Lock Priso, ya ƙi. Ya aika wa Jamusawa takarda ya ce su sauke tutarsu, ba wanda ya sayi mutanensa. A Disambar wannan shekara jiragen yaƙin Jamus ƙarƙashin Admiral Knorr suka buɗe wa garin wuta, sojoji suka sauka suka ƙone gidaje, wani Max Buchner ya shiga gidan sarkin ya ɗauke sassaƙaƙƙen goshin kwalekwalensa na sarauta, abin da Duwalawa ke kira tange. Har yau yana gidan adana kayan tarihi a Munik, kuma Yarima Kum'a Ndumbe na III, wanda cibiyarsa AfricAvenir ke nan cikin Bonaberi, ya daɗe yana neman a dawo da shi. Mai ƙaramar zuciya da ya ji wannan labari sai ya ruɗe, ya fara tambaye-tambaye, watakila ma ya taka da ƙafa ya je ya ga wurin. Namu mazajen sun fi haka nutsuwa. Sarkin da ba shi da doki, ba shi da hular gashi, yaƙinsa a cikin kwalekwale, wa zai ɓata caji a kansa?

Haka mutanen New Bell, sarakunan haƙuri, masu tafiya a kan tarihi ba su taɓa tuntuɓe da shi ba. Sunan unguwar kansa shaida ne. Jamusawa suka yanke shawarar ƙwace filayen Duwalawa na bakin ruwa, suka ce don lafiyar Turawa ne, sauro na ɗauko zazzaɓi daga jikin baƙar fata, saboda haka a bar tazarar kilomita guda tsakani. Aka tashi mutanen Bell daga tudun Joss aka turo su cikin fadama, aka kira wurin Sabuwar Bell. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell, wanda ya yi karatu a Jamus, ya san dokarsu, ya yi ta kai ƙara majalisar dokokinsu, ya tura sakatarensa Ngosso Din a ɓoye har Balin. Aka ce ya aika wa Sarkin Bamun Njoya manzo yana neman goyon baya, maganar ta kai kunnen Jamusawa, aka yi shari'ar kwana guda, aka rataye shi da sakataren ranar 8 ga Agusta 1914. Ga sarki, ga amintaccen bara, ga manzon sirri, ga tonon asiri, ga igiya. Birnin Ulm na Jamus, jikokin masu ratayar ke nan, sun sa wa wani dandali sunansa a 2022. Mu kuwa mun tsare mutuncinmu, ba mu tsoma baki a sha'anin da bai shafe mu ba, mu baƙi ne, shekara ɗari da 'yan kai kawai muka yi a garin.

Wani ɗan ƙasa, Jean-Pierre Bekolo, ya so ya gwada mu. A 2017 ya fito da shiri mai suna Our Wishes a kan yarjejeniyar 1884 da sarakunan bakin Wuri, kashi goma kacal, gajeru. Mutum zai iya gama shi tsakanin la'asar da tsakar dare. Ban taɓa jin an yi musu a kansa a wata rumfa ba, ban ji wanda ya tsine wa Knorr ba, ban ji yaron da ya roƙi mai tura fim ya nemo masa shi ba. Jarrabawa ta zo, jama'a sun ci. Shirin da ba ya cinye shekara biyar ta rayuwar mutum ai raini ne ga mai kallo.

In an ce wancan tarihin Duwalawa ne, to a zo ga namu, a nan ne tawali'unmu ya kai maƙura. Kakanninmu fatake sun biyo goro da hauren giwa ta Banyo da Tibati da Yoko, suka gangaro kudu da ƙafa, wasu kuma suka zo cikin kakin sojan Jamus, suka kafa zango, suka gina masallaci, suka naɗa sarki da liman. Wane ayari ne ya fara isowa bakin teku? Wa ya ja sallar farko a New Bell? Daga Kano kakan mai tsiren nan ya taso, ko daga Katsina, ko daga Yola? Tambayoyi ne na masu neman suna. Mutumin kirki ba ya tone-tonen asalinsa, ya ishe shi ya san cewa mahaifiyar Ertugrul sunanta Haima.

Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi, wanda shirunmu a kansa ya cancanci tambari da algaita. A Mayun 1955 aka yi tarzoma a New Bell zamanin gwamnan mulkin mallakar Faransa Roland Pré, aka harbe mutane a titunan da muke bi zuwa kasuwa, aka ƙone ofishin jam'iyyar UPC mai neman 'yancin kai, aka haramta ta a watan Yuli. Ranar 24 ga Afrilu 1960, Kamaru ba ta cika wata huɗu da samun 'yanci ba, wuta ta cinye unguwar Kongo, mutane suka mutu, dubbai suka rasa wurin kwana. Har yau ana jayayya a kan wanda ya kunna ta da wanda ya tsaya yana kallo, kuma a cikin riwayoyin da ake bayarwa sunan Hausawa na fitowa. Maƙwabtanmu na ba 'ya'yansu nasu labarin. Al'umma mai rauni da sai ta zauna ta tambayi tsofaffinta, ta rubuta abin da suka gani, daɗinsa da ɗacinsa, ta san abin da za ta amsa da abin da za ta musanta. Yaron da ke da shekara goma a ranar, yau ya haura saba'in da biyar, yana nan a ƙarshen benci, wani lokaci har ya buɗe baki ya ce, «Ai lokacin gobarar Kongo...» Sai jikansa, yaro mai tarbiyya, ya ce, «Kaka, don Allah bari, Noyan zai shigo.» Kowace shekara ana kai irin waɗannan tsofaffi makwanci da labarinsu a ciki, ba a bar ko kalma ta zube a ƙasa ba. Wace al'umma ce ta kai mu riƙon sirri?

Faransawa ma sun kasa. Sun naɗa kwamitin masana tarihi ƙarƙashin Karine Ramondy, aka fitar da rahoto mai shafi sama da 1,000 a Janairun 2025, a watan Agusta kuma aka bayyana wasiƙar da a ciki Shugaba Macron ya amsa cewa ƙasarsa ta yi yaƙi a Kamaru. Sun kasa riƙe bakinsu bayan shekara sittin da wani abu. Mu ko a jikinmu.

Ba za a rufe ba a gaida alhazan unguwa ba, ginshiƙan al'umma, inuwar marayu, masu tireloli a hanyar Ngaundere da shaguna a babbar kasuwa. Sun sayi manyan talabijin sun kafa a ƙofar gida sadaka, sun sayi janareta don kada ɗaukewar wuta ta katse jihadi. Ba a taɓa jin ɗayansu ya yi almubazzaranci da sefa dubu hamsin ya ba wani ɗalibi ya zaga da waya yana naɗar muryar tsofaffi ba. Dukiya amana ce, sun san inda ake sa ta.

Roƙo ɗaya ya rage, kuma ga mahukuntan Ankara za a miƙa shi, tunda su Allah ya ɗora wa nauyin tuna mana ko mu su wane ne. In sun sami sarari, su taimaka su yi mana namu. A ɗauko Lock Priso a sa masa suna Lok Bey, a raba shi da kwalekwale a ɗora shi a kan ingarma, a ba Manga Bell gatari, a samo wa fataken goro sulke da kwalkwali. A yi shi kashi 150, a kai Kano a fassara. In kogin Wuri zai ba masu ɗaukar hoto wahala, su cire shi su sa tsaunukan Anadol da ƙanƙara a kai, ba wanda zai kai ƙara daga unguwarmu.