Taƙaitaccen Bayani a kan Ilimin Dakon Labulen Hoto

Ka sani, ya kai mai neman sani, masana sun daɗe suna rubutu a kan haske. Shekara dubu ke nan da Ibnul Haisam ya zauna a Alƙahira ya bayyana yadda surar abu ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar huda. Sai dai shi da waɗanda suka biyo bayansa sun bar babbar mas'ala a buɗe: ta yaya za a kai labulen hoto daga shago a Unguwar Boro zuwa wurin biki a Kamazo, a Kaduna, ba tare da asarar rai, ko dukiya, ko zumunci ba? Wannan giɓi muka zo cikewa.

Fasali na farko: ma'anar labule da rabe-rabensa

Labulen hoto shi ne duk abin da ake tsayarwa a bayan mutum domin kada a gane inda yake. Iri uku ne: na yadi, da na takarda, da na leda mai zane wanda ake ɗaurawa a jikin firam ɗin ƙarfe. Asalin sana'ar babu wahala a cikinta. Lokacin da Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, zanen gadonsa ya fara ratayawa a bayan mutane, dakon kuwa daga ɗaki ne zuwa tsakar gida. Daga baya Philip Kwame Apagya na Ghana ya shahara da labule mai zanen firji cike da abinci, da talabijin, da filin jirgin sama. Tun daga nan buri ya yi ta faɗi, labule na binsa. Yau a titin Kachiya dogayen benayen Dubai ake yayi. Matatar man Kaduna tana nan kusa tun 1980, amma ba a taɓa jin amaryar da ta nemi a sa mata ita a baya ba.

Fasali na biyu: saɓanin tsawo

Cikakken naɗin takarda da ake shigowa da shi daga waje faɗinsa mita 2.72 ne. Keke Napep kuwa, daga hanci zuwa wutsiya, mita 2.6 da ɗan ɗori ne, faɗinsa kamar mita 1.3. A bayyane yake cewa masu yin takardar da masu ƙera keken a Indiya ba su taɓa zama taro ɗaya ba.

A nan masana suka kasu uku. Kashi na farko suka ce a gicciya naɗin a kujerar baya, ya leƙo santimita 70 ta dama, 70 ta hagu. Fa'idar wannan ra'ayi ita ce duk mai tafiya a gefen titi zai san an wuce. Kashi na biyu suka ce a ɗora shi bisa rufi a ɗaure da robar tsohon tub; hujjarsu tana da ƙarfi har zuwa ramin farko. Kashi na uku, waɗanda su ne 'yan mazan jiya, suka ce mutum biyu su saɓa a kafaɗa su taka sayyadarsu. Ba a taɓa kama su da kuskure ba, sai dai sukan iso bayan an raba shinkafa.

Fasali na uku: iska

Magabata sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Abin da ba su faɗa ba shi ne adadin wahalar, kuma ilimin zamani ya cike musu. Ƙarfin da iska ke tura abu da shi yana bin faɗin abin, yana kuma bin gudu sau gudu: in gudu ya ninka biyu, turi ya ninka huɗu. Ɗauki firam mai mita 3 a tsaye, 2.4 a kwance, a fuskantar da shi gaba, a yi gudun kilomita 36 a awa. Turin da zai sha ya kai nauyin buhun siminti guda, kuma buhun nan ba a ƙasa yake ba, a hannun yaron shago yake. Saboda haka duk ɗan acaɓan da ya ce "Oga, hau kawai, ka riƙe da kyau" ya yi magana a fannin da bai karanta ba. An ga wanda ya bar Sabon Tasha da niyyar zuwa Boro, iskar farkon damina ta yanke shawarar Narayi ta fi dacewa da shi.

Fasali na huɗu: yaron shago

Shi ne ginshiƙin wannan ilimi. Yana zaune a bakin kujera, rabin jikinsa a waje, hannun dama a sama ya danne abin da ke rufi, jakar kyamara a wuya, ƙafafun ƙarfe biyu a tsakanin gwiwoyi, ƙusoshin haɗa firam a cikin ledar burodi ya cije da haƙori. Maigidansa na gaba kusa da direba, aikinsa waiwaye.

Kafin a tashi akwai ciniki, kuma lafazinsa sananne ne. Mai keke zai zagaya kayan sau ɗaya ya ce, "Oga, wannan ai kuɗin mutum huɗu ne." Mai hoto ya ce, "Haba ɗan'uwa, takarda ce fa, ɗaga ka ji." Dukansu sun yi gaskiya, domin ɗaya nauyi yake aunawa, ɗaya wuri. Akan daidaita a kuɗin mutum uku da alkawarin hoto kyauta, wanda har yau ba a samu labarin an cika ba.

Fasali na biyar: ladubban naɗi

Leda ba a ninke ta, a jikin bututun famfo ake naɗe ta. Wanda ya ninke zai ga layi ya raba bene mafi tsawo a duniya gida biyu daidai kan ango. Takarda a tsaye ake ajiye ta, kuma ba ta shiri da damina: ɗigo ɗaya ya isa ta yi tudu da kwari. Yadi ya fi haƙuri, a cusa a buhu, in an isa a yayyafa masa ruwa a ja shi ya miƙe. Da hunturu kuwa kowane farin labule kan iso da launin ƙasar unguwa, wanda gogaggen mai hoto zai gaya wa uwar amarya cewa shi ake yayi a Abuja. In an kafa, a danne ƙafafun da bulo. In babu bulo, ƙannen amarya biyu sun wadatar, da sharaɗin an ba su lemo tukuna.

Kammalawa

Wasu 'yan bana-bakwai sun kawo shubuha, wai me ya sa ba za a ɗauki mutum a jikin katangar gidansu ba, a sa masa Dubai a kwamfuta daga baya? Amsa ita ce sun jahilci manufar labule. Dubai ɗin kwamfuta sai wanda aka tura wa hoto zai gan ta. Wadda aka ɗauko a keke kuwa duk layi sun ga shigowarta, dangin ango sun ga saukewarta, kuma kowa ya ƙiyasta abin da aka kashe. Hukunci dai shi ne: a naɗe, a ɗaure, a kwantar da firam, a fita da wuri, kuma kuɗin dako a kan mai biki yake, a karɓa kafin a kunce igiya.