Ɗanyen Kifi a Kantin Jami'a

A kantin abinci na jami'o'in Ingila, sushi cikin firji yake zama, an jera shi a 'yar roba tsaf kamar kayan lefe. Shinkafa ce mai ɗan tsami, a naɗe ta da ganyen teku, a cusa kifin da ko hayaƙi bai shaƙa ba. Kuɗinsa kuwa ya fi na dafaffe, wai ladan rashin girki.

A da fa abincin masu sauri ne. A Edo, Tokyo ta yau, wajen shekarun 1820, a bakin titi ake saye, a ci da hannu a tsaye. Yanzu ga ɗalibi na kokawa da tsinke biyu, loma na kuɓucewa, yana waige ko an gani.

Sai koren nan na gefe, wasabi. Baƙo ya ɗauka fiya ce, ya lakato da yawa. Barkono harshe yake kamawa. Wannan ta hanci yake bi, hawaye shaaa. Galibinsa ma jabu ne, wata saiwa mai yaji aka rina.

Loma takwas, roba ta ƙare, ciki na tambayar yaushe za a kawo abincin.