Littafin Rubutun da Ya Fi Ƙarfin Karatu

A kowane ajin sakandare akwai ɗalibin da littafinsa na adabi ya fi shi tsafta. Namu kusa da taga yake zama.

Ya ɗinka wa littafin riga da tsohuwar kalanda. Ya kasa shi uku kamar rabon gado: zube, waƙa, wasan kwaikwayo. Jan biro na kanu ne, shuɗi na bayani. Kowane shafi sai rula ta ja masa layi. In kuskure ɗaya ya faɗo, ya yage shafin, ya yi masa sutura, ya sake sabo.

A ƙarƙashin Ruwan Bagaja komai reras: Abubakar Imam, 1934, jigo, salo, taurari. Alhaji Imam da Malam Zurƙe kowa da shafinsa, don kada su sake kacamewa. Labarin kansa fa? Bai karanta ba. Ina lokaci? Ana jan layi.

Aro kuwa sai da sharaɗi. Ka wanke hannu. Kada ka lanƙwasa gefe. Wanda ya ci ƙosai ya dawo gobe.

Saura kwana uku jarrabawar WAEC, sai ga wani da littafinsa ya haɗa adabi da lissafi da bashin mai awara. Ya roƙa, aka ba shi. Ya kwana da shi, ya dawo da shi da ɗigon manja a kan jigo.

Sakamako ya fito, mai manja ya ci. Mai rula ya ce ba komai, baɗi ma rana ce. Har ya samo sabuwar kalanda.