Haka Muka Tarar

Ranar Lahadi da la'asar muna tsakar gidan Hajiya Babba, mai kitso na yi wa autar Hajiyar shuku, sai ga yarinyar ta zaro wani tsohon littafi daga ƙasan tabarma, bangonsa duk ya yage. Wa Zai Auri Jahila? ne na Balaraba Ramat Yakubu. Ta ce a adakar uwarta ta tsinto shi.

"Kai, wannan ai tun 1990 yake!" in ji mai kitso. "A ƙarƙashin filo muke ɓoye shi. Abu ce ko? Wadda ubanta ya cire ta daga makaranta tana shekara 13, ya ba Sarkin Noma, tsoho sa'an ubanta."

Goggo da ke tsintar shinkafa ta ɗago kai. "Ku dai da littattafan soyayyarku. Mu da aka yi mana auren ba mu ko san fuskar mijin ba, mun mutu ne? Haka muka tarar."

Hajiya Babba ta ce, "Goggo, ke Allah ya dube ki, kin dace da mutumin kirki. Wadda ba ta dace ba fa, wa ya ji ta bakinta? Ita marubuciyar ba shaci-faɗi ta yi ba. Ƙanwar marigayi Janar Murtala ce, amma ita ma cire ta aka yi daga firamare aka aurar da ita tana ƙarama, auren bai je ko'ina ba. Sai daga baya ta shiga ajin yaƙi da jahilci."

Ni abin da ya daɗe yana ci mini rai game da waɗannan littattafai shi ne, wanda ya yi ɓarnar ba wani baƙon mugu ba ne daga nesa. Uba ne mai salla da azumi, mai tsoron kada a ce 'yarsa ta yi kwantai. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kaka ce ta kafe sai Sumayya ta auri Abdulƙadir mai kuɗi, ta bar Muhammad talaka, har yarinya ta faɗa rijiya. Kaka fa, wadda ta goya ta! Na faɗa musu haka, na ce mu ne a cikin littafin nan, kuma ba Abu kaɗai ba. Mu ne maƙwabtan da suka ci tuwon biki suka yi guɗa, suka ce kukan amarya ai al'ada ce, kowa ma ta yi.

"To ba an ce shirun budurwa shi ne yardarta ba?" in ji Goggo.

Malamar Islamiyyarmu, wadda tun ɗazu ba ta tanka ba, ta gyara mayafi. "Goggo, shirun kunya aka ce, bayan an tambaye ta. Mu kuwa tambayar ce ba ma yi. Yarinya na birgima tana kuka mu ce ta yi shiru. Khansa'u 'yar Khidam ubanta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Abin da muke yi al'adarmu ce, kada mu jingina wa addini."

Mai kitso ta ce shi ya sa ya ba ta takaici a 2007 da aka tara irin waɗannan littattafai a Kano aka cinna musu wuta, wai suna ɓata tarbiyya. Akwai na banza a cikinsu, ba ta musa ba. Amma na Balaraba ilimi yake kira a ba 'ya mace. Abu ta gudu Kano wurin 'yar'uwar ubanta, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya, Amadu da ya ƙi ta don jahilci ya dawo yana nema.

Goggo ta yi shiru tana ta juya shinkafa a faifai. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Akwai ƙanwata. Shekara 12 aka kai ta. Haihuwar fari kwana uku tana naƙuda, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta samu yoyon fitsari. Mijin ya sako ta. Har ta rasu a ɗakin bayan gida take kwana ita kaɗai."

Babu wadda ta iya cewa komai. Aka kira magariba, muka fara naɗe tabarmi. Goggo ta riƙo hannun autar Hajiya, kitson ma ba a gama ba.

"'Yar nan, gobe in kin taso daga makaranta ki zo ki karanta mini shi. Tun daga farko."