Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Dokar Taɓa Ƙwallo da Hannu

Zuwa ga Mai Girma Hajiya Dokar Taɓa Ƙwallo da Hannu,
Mazauniyar Babi na 12 na Dokokin Wasa,
Ofishin Hukumar IFAB, Zurich, ƙasar Suwizalan.

Da fatan Hajiya tana cikin ƙoshin lafiya tare da maƙwabtanta na cikin babi-babi 17 na littafin dokoki, masu kallon ƙwallon ƙafa na zangon Sokode, babban birnin yankin tsakiyar Togo, da 'yan uwansu na Dapaong, babban birnin yankin Savanes da ke dab da iyakar Burkina Faso, suna miƙa wannan koke cikin ladabi, bisa dalilin cewa Hajiya ta zama sanadin tashin jijiyar wuya a gidajen kallo da teburan mai shayi, har ta kai mutanen da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya sukan rabu da dare ba tare da sallama ba. Masu koken ba su zo neman a tsige Hajiya daga kujerarta ba, domin sun san cewa ranar da aka rasa ta wasan zai koma kokawa. Abin da suke nema shi ne ta tsaya wuri ɗaya na ɗan lokaci, ko a samu damar gane kamanninta.

Ya kamata Hajiya ta san cewa masu wasiƙar ba baƙin wannan harka ba ne. Kakannin wasunsu fatake ne da suka bi hanyar goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, suka yada zango a unguwar Didawure ta Sokode cikin Kotokoli, saboda haka sun gaji sanin ciniki da yarjejeniya, sun kuma san cewa sharaɗin da ba a fayyace shi ba shi ne uban rigima. Sokode ita ce gidan ƙungiyar Semassi, wadda ta ɗauki kofin ƙasar Togo sau da yawa, kuma a nan aka haifi Mohamed Kader, wanda ya ci wa Togo ƙwallonta ɗaya tilo a Gasar Kofin Duniya ta 2006, a ragar Koriya ta Kudu. Dapaong kuwa tana da ƙungiyarta ta Foadan. Sha'awar masu koken ga wasan mata ta ƙaru ne a watan Yuli na 2022, lokacin da ƙungiyar matan Togo, ƙarƙashin mai horarwa Kaï Tomety, ta halarci Gasar Kofin Afirka ta Mata a karon farko a Maroko, inda Tunisiya ta doke ta da ci 4 da 1, Zambiya ma ta yi mata haka, amma a tsakanin wasannin biyu ta riƙe Kamaru kunnen doki 1 da 1, sakamakon da har yanzu ake ambatonsa da fara'a. Bugu da ƙari, 'yar ƙasarsu Vincentia Amedome tana cikin alƙalan wasa mata huɗu da aka zaɓa daga Afirka domin Gasar Kofin Duniya ta Mata ta 2023, wato Hajiya tana da ma'aikaciya a cikin gidansu, kuma duk zagin da aka yi wa mai busa usur saboda halin Hajiya, su ma yana taɓa su.

Masu koken sun binciki asalin Hajiya, sun iske cewa ba a haife ta da tsanani ba. Dokokin farko da aka rubuta a Landan a 1863 sun yarda ɗan wasa ya cafe ƙwallo daga sama, sai a 1866 aka soke wannan izini, sannan a 1891 aka ƙirƙiro bugun fenareti, wato bugun daga kai sai mai tsaron gida, wanda a yau ake yi daga nisan mita 11. Uban gidanta, Hukumar IFAB, majalisa ce da aka kafa a 1886 domin tsare dokokin wasa, kuma tana da ƙuri'u takwas: Ingila da Skotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce tana da ɗaya, FIFA kuma tana riƙe da huɗu a madadin sauran ƙasashen duniya fiye da 200, sannan ba a sauya ko da harafi sai da ƙuri'u shida. Masana lissafi na zango sun yi ƙoƙarin fitar da rabon Togo daga cikin waɗannan ƙuri'u huɗu, suka ga bai kai a ɗaga masa yatsa ba, wanda shi ya sa aka koma ga wasiƙa.

Babban abin damuwa shi ne yawan sauya zani da Hajiya take yi. A ranar 1 ga Yuni 2019, kwana shida kacal kafin a buɗe Gasar Kofin Duniya ta Mata a Faransa, ta fito da sabon salo, inda ta ce yawanci laifi ne idan ƙwallo ya taɓa hannun da ya ƙara wa jiki faɗi fiye da ɗabi'a, ko hannun da ya haura kafaɗa, ko da mai hannun ba ta yi nufi ba, sai ya zamana cewa mata suna cikin waɗanda aka fara gwada sabon ɗinkin a jikinsu a gaban idon duniya. A 2020 ta sake fitowa ta shata iyaka tsakanin kafaɗa, wadda halal ce, da damtse, wanda haramun ne, ta ce iyakar tana daidai ƙasan hammata. A 2021 kuma ta sassauta, ta bayyana cewa ba kowace haɗuwar ƙwallo da hannu ce laifi ba, kuma hannu yana zama mai ƙara wa jiki faɗi ne kawai idan motsin da 'yar wasa take yi a wannan lokacin bai isa ya zama hujjar inda hannun yake ba. 'Yan kasuwar Sokode sun san abin da ake kiran mai awon da mudunsa yake da girma ɗaya da safe, wani girman da la'asar, kuma ladabi ne kaɗai ya hana a rubuta sunan a nan.

Domin kada a ce ƙorafin ba shi da tushe, ga shaidu biyu da masu koken suke roƙon Hajiya ta ajiye su gefe da gefe. A ranar 3 ga Yuli 2011, a birnin Bochum na Jamus, a wasan Ostireliya da Ikwatoriyal Gini, ƙwallon da Leena Khamis ta Ostireliya ta buga ya daki turke ya dawo, sai 'yar wasan baya mai suna Bruna ta cafe shi da hannu biyu a cikin da'irar gidansu, ta riƙe shi na wasu daƙiƙu tana takawa cikin natsuwa, sannan ta sake shi ƙasa, alƙaliyar wasa Gyöngyi Gaál 'yar Hangari kuma ba ta busa komai ba. Wannan shi ne taɓa ƙwallo da hannu mafi bayyana da aka taɓa gani a babbar gasa, wanda ko makaho zai yanke masa hukunci daga ihun 'yan kallo, amma ya wuce salin-alin, sai dai Allah ya taimaki alƙaliyar, Ostireliya ta ci wasan 3 da 2. Shekara takwas bayan haka, a ranar 25 ga Yuni 2019 a birnin Rennes, Vivianne Miedema ta Holan ta sheƙa ƙwallo daga kusa, ya daki hannun Saki Kumagai, kyaftin ɗin Japan, kafin ta samu zarafin ƙifta ido, aka ba da fenareti a minti na ƙarshe, Lieke Martens ta ci, Japan ta tattara kayanta daga gasar. Wadda ta rungumi ƙwallo ta tsira, wadda ƙwallo ya far mata ta koma gida da hawaye, kuma dukansu biyu a ƙarƙashin sunan Hajiya aka yi musu hukunci.

Shaidar da ta fi tayar da ƙura a Sokode da Dapaong ita ce ta daren 26 ga Yuli 2025, a wasan ƙarshe na Gasar Kofin Afirka ta Mata tsakanin Maroko da Najeriya a Rabat, domin a zango akwai masu dangi a Kano da Sakkwato, akwai kuma masu goyon bayan duk wanda zai kayar da Najeriya, saboda dalilai na maƙwabtaka da ba sai an faɗa ba. Maroko ta tafi hutun rabin lokaci da ci 2 da nema. Bayan an dawo, ƙwallo ya taɓa hannun Nouhaila Benzina a cikin da'ira, aka ba Najeriya fenareti, Esther Okoronkwo ta ci a minti na 64, Folashade Ijamilusi ta farke na biyu a minti na 71. Ba a jima ba ƙwallo ya taɓa hannun Demehin, 'yar bayan Najeriya, alƙaliyar wasa Antsino Twanyanyukwa 'yar Namibiya ta nuna wurin fenareti, sannan aka kira ta gaban na'urar VAR, wato allon da ake maimaita wa alƙali hoton abin da ya faru, ta daɗe tana dubawa, ta dawo ta janye hukuncinta. Jennifer Echegini ta ci na uku a minti na 88, Najeriya ta ɗauki kofinta na goma, hukumar ƙwallon Maroko kuma ta kai ƙorafi gaban hukumar ƙwallon Afirka, CAF. Masu koken ba su ce alƙaliyar ta yi kuskure ba, domin kowane ɗaya daga cikin hukuncin biyu ana iya samo masa madogara a cikin zanen Hajiya, kuma nan ne matsalar take: dokar da za ta iya gaskata ɓangarori biyu masu gaba da juna a dare ɗaya ta bar wa masu shayi aikin da ya kamata ta yi da kanta.

Idan aka tono tushen ruɗanin, za a tarar Hajiya tana ɗora wa alƙali nauyin sanin abubuwa biyu da ba a ganinsu da ido. Na farko shi ne ganganci, alhali malaman Didawure sun daɗe suna karantar da cewa niyya a zuci take, kuma har yau ba a ƙera kamarar da ke leƙa zuci ba. Na biyu shi ne abin da ta kira matsayin hannu na ɗabi'a, ba tare da ta faɗi ɗabi'ar wa take nufi ba, tunda mai tsalle tana buɗe hannu domin kada ta faɗi, mai zamiya tana dafa ƙasa, mai juyawa kuma hannunta yana bin ƙirjinta. Sakamakon haka ake ganin 'yan wasan baya suna tarar abokan hamayya da hannuwa a goye a baya, tsayuwar da babu wani mahaluƙi da yake gudu da ita, wato domin gudun zargin saɓa ɗabi'a sun ɗauki siffar da ta fi kowacce saɓa mata. Maimaita hoto a hankali ma yana ƙara dagula lissafi, saboda abin da ya faru cikin ƙiftawar ido, idan aka ja shi ya yi tsawo, yakan yi kama da shiri da aka kwana ana ƙullawa. Ga kuma son kai a fili: idan ƙwallo ya goga hannun mai kai hari bisa tsautsayi, ta kuma jefa shi a raga nan take, an soke cin babu tambaya, amma tsautsayi irin wannan a hannun mai tsaron baya sai an zauna an yi masa tafsiri.

Hukuncin kansa ya fi laifin nauyi. Kusan uku cikin huɗu na bugun fenareti suna shiga raga, don haka ƙwallon da aka bugo daga gefen da'ira, wanda da an bar shi bayan fili zai nufa, yakan rikiɗe ya zama ci saboda ya shafi gwiwar hannu. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2023 a Sydney, sai da aka daɗe ana duba allo kafin a tabbatar ƙwallo ya taɓa hannun Keira Walsh ta Ingila, kuma ba don Mary Earps ta kama bugun Jenni Hermoso ta Sifaniya ba, da an ƙara shafi a littafin ƙorafi.

Abu na ƙarshe da ake son Hajiya ta tuna shi ne ba a filayen Turai kaɗai take aiki ba. Littafin da ake hukunci da shi a Sydney da Rabat shi ne ake hukunci da shi a filayen makarantu na Sokode da Dapaong, inda 'yan mata suke wasa a kan jar ƙasa cikin ƙurar hunturu, alƙali ɗaya yana bin su da usur, babu allo, babu maimaici, babu shingen da ya raba shi da iyayen 'yan wasa. Wannan bawan Allah shi ake so ya auna ƙasan hammata daga nisan mita 20, ya karanta zuciya, ya tantance ɗabi'a, sannan ya bi ta cikin kasuwa ya koma gida lafiya.

Saboda haka masu koken suna roƙon Hajiya, da girman kujerarta, ta yi haƙuri ta zauna da zani ɗaya na tsawon shekara biyar, ko alƙalai su samu su haddace ta kafin ta sake fita. Suna kuma roƙon ta raba hukunci gida biyu, ta bar fenareti ga wadda ta kai hannu da gangan ko ta tare ƙwallon da ya nufi raga, tsautsayi kuma a ba shi bugun tazara na bi-da-wani, wato wanda ba a cin ƙwallo da shi sai wata ta taɓa. Idan duk wannan ya gagara, to a turo wakili daga Zurich ya sauka a Lome, ya hau motar haya ya bi babbar hanya ta 1 zuwa arewa, ya tsaya a Sokode, ya ƙarasa Dapaong, ya ɗaga hannunsa a gaban jama'a ya nuna musu daidai inda hammata ta ƙare. Masauki da abinci da kuɗin motar komawa suna wuyan masu koken, sai dai ana shawartarsa da ya taho da usur ɗinsa, domin za a ba shi alƙalancin wasa ɗaya kafin a sallame shi.